Dalmar Ladan a Gaɓar Jirgi

Duk wanda ya san Ladan mai walda a Zuru ya san ba ya ƙaunar ganin abu yana rawa. Ƙofar da ya haɗa ba ta girgiza. Tagar da ya kafa, sai dai ginin ya tsufa ya bar ta a tsaye. In ya zauna a bencin mai shayi ya ji ƙafa ɗaya tana lilo, shayin ba ya wuce masa maƙogwaro sai ya samo ɗan dutse ya tokare ta. Matarsa Fadima takan ce da zai sami hali, da tuni ya yi wa yaran gidan walda a jikin tabarma don kada su fita su ji ciwo.

Basira ce ta uku a 'ya'yansa, shekararta goma sha shida, tana aji biyar a sakandare. Tun tana ƙarama take tsince-tsince a shagonsa, guntun waya, tsohon noti, murfin gwangwani, duk tana tarawa a kwalin takalmi. Shi kuwa yana bin ta da faɗa kada ta yanke, yana kuma ajiye mata duk wani ɗan ƙarfe mai kyau da ya rage.

Katanga ɗaya ta raba gidansu da na Baba Kefas, tsohon ma'aikacin reluwe wanda ya haura tamanin da biyar. A ƙuruciyarsa ya yi fayaman a layin Minna, wato shi ke zuba wa kan jirgi kwal a wuta. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwar mutum ya gane shi da murya. Amma yana da wani tsohon hoto da ba ya bari ya yi nisa da shi, hotonsa yana saurayi a gaban wani dogon kan jirgi mai tururi da yake kira Garat. Zuru ba ta da layin dogo, Basira ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba, amma tun ranar da ta ga hoton nan ya tsaya mata a rai. Kan jirgi ne kashi uku. Gaba akwai ƙafafu ɗauke da tankin ruwa, baya akwai wasu ƙafafun ɗauke da kwal, tukunyar kuma tana rataye a tsakani, kamar mutum biyu sun saɓo kaya a sanda.

Wata bakwai ta yi tana ƙera ɗan ƙaraminsa. Tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba. Gwangwanin maganin sauro ne tukunyar. Ƙafafu ashirin da huɗu, kowace ta goge ta da hannunta. Sandunan da ke tura ƙafafun daga wayar keke ta yanko su, ta sa masa ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, ta ɓoye batir a ƙarƙashin kwal ɗin. Layin kuma a barandar Baba Kefas aka yi shi, a kan faffaɗan katako, zagaye kamar ƙwai. Ita ke aiki, tsohon yana shafawa da yatsu yana cewa nan ya yi, nan bai yi ba.

Malama Theresa, mai koya musu kimiyya, ta zo ta gani, ta ce wannan shi zai wakilci makaranta a gasar da za a yi a Birnin Kebbi ranar Asabar. Motar makaranta za ta tashi Juma'a da hantsi.

Mako biyun da aka yi ana kafa kwanar layin, Ladan yana Mahuta yana sa tagogi a wani sabon gini. Saboda haka bai taɓa ganin jirgin yana zagaye ba. Ranar Laraba da ya dawo, Basira ta kai kan jirgin shagonsa ta yi masa fenti na ƙarshe, ta bar shi a kan tebur ya sha iska.

Da safiyar Alhamis, tana makaranta, Ladan ya buɗe shago ya tarar da shi yana ƙyalli, baƙi wul da jan layi a gefe. Ya tsaya yana kallo, yana jin daɗi har cikin ransa. Sai ya sa hannu biyu ya ɗaga shi ta tsakiya don ya goge ƙasan teburin.

Gaban jirgin ya karkata hagu. Bayan ya karkata dama. Gaban Ladan ya faɗi.

Ya kifa shi a hankali ya duba. Kowane ɓangare noti ɗaya tak ke riƙe da shi a jikin tukunyar, kuma ko ɗaure shi sosai ba a yi ba. Ya taɓa da yatsa, abin ya yi lilo. Nan take hanyar Birni ta zo masa a ido, ramuka, gargada, direban da ba ya taka birki sai ya faɗa rami. Ya hango Basira tana buɗe kwali a gaban alƙalai, jirginta ya rabu uku, 'yan wasu makarantu suna rufe baki suna dariya.

"Yarinya da tsoho mai yana a ido," ya faɗa shi kaɗai. "Ina za su lura da wannan?"

Ya yi tunanin ya jira ta dawo. Sai kuma ya ga in ya faɗa mata aikinta na da aibi ana gobe tafiya, hankalinta zai tashi a banza. Gara ya gyara shiru, kamar yadda yakan ɗaure mata birkin keke ba ta sani ba. Gwangwanin ya yi siriri, wutar walda za ta huda shi, don haka ya ɗora ƙarfen dalma a wuta. Ya yanko 'yan falle biyu na kwano, ya liƙa ɗaya a gaɓar gaba, ɗaya a ta baya, ya zuba dalma har ta cika kowane lungu. Ya goge da magagari, ya shafa baƙin fenti. Da ya bushe ya ɗaga jirgin ya girgiza shi. Tsam, kamar taɓarya.

Ranar ya ci tuwon rana har da ƙari.

Bayan la'asar aka taru a barandar Baba Kefas don gwaji na ƙarshe. Ladan da kansa ya ɗauko jirgin a kan falanki, ya ɗora shi a layi. Fadima ta zo da ɗan garwashi a cokali, ta sa a bututun hayaƙin, ta barbaɗa turaren wuta, don Basira ta ce jirgin da ba ya hayaƙi ba jirgi ba ne.

Tsohon yana kishingiɗe a kujerarsa ya ce, "Amarya, yau dai za ki kai ni Minna ko kuwa?"

"Kai da ba ka da tikiti, Kaka?"

"Fayaman ba ya yankan tikiti."

"An sallame ka tun ba a haifi babana ba."

"Ji ta. Ladan, ɗiyar nan taka ba ta da ladabin miji. Zan sake ta in auro 'yar Danko."

"'Yar Danko ba ta iya ƙera jirgi ba," in ji Basira, ta danna maɓallin.

Jirgin ya tashi a hankali. Sandunan gefe suka fara kai da komo kamar ƙafafun fara, hayaƙin turare yana bin bayansa. Ya miƙe a miƙaƙƙen layi ba ko gargada. Ladan ya dubi matarsa yana murmushi, saura kaɗan ya faɗa mata dalilin da ya sa yake tafiya lafiya haka.

Sai ga kwana. Layi ya karkata, jirgi bai karkata ba. Ya wuce kai tsaye, ƙafafun gaba suka hau kan ƙarfen, ya kife a tabarma, ƙafafunsa suna juyawa a sama.

Kafin Basira ta motsa, Ladan ya riga ta. Ya ɗauke shi, ya kaɗe garwashin, ya mayar da shi kan layi.

"Mi ya faru?" in ji Baba Kefas.

"Ya sauka, Kaka. A kwana."

"Sake dai. Wataƙila tsakuwa ce."

Ta share layin da gefen gyalenta ta sake dannawa. A daidai wurin nan ya sake kifewa. Wannan karon ma Ladan ne ya ɗauka.

Tsohon ya tashi zaune sosai. "A'a. Garat ba ya sauka a kwana. Ai don kwana anka yi shi." Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin Ladan. "Kai ba ka nan lokacin da nake gaya mata. Kan jirgi in ya yi tsawo, ƙarfi gare shi, amma ba ya iya lanƙwasa. Shi ya sa anka raba shi uku, anka rataye tukunyar a kan ƙusa biyu, ko wane ɓangare ya juya abinsa. Ranar da na fara hawa, munka shiga wata kwana, na leƙa na ga gaban jirgi ya bi hagu ya bar mu muna kallon daji. Na jefar da shebur na ce wa direba mun mutu. Ya yi ta dariya har munka kai tasha."

Fadima ta yi dariya. Ladan bai yi ba. Ya dubi jirgin, miƙe sambal, ba inda ke motsi, aikin hannunsa mai kyau.

Basira ta durƙusa a gefen kwanar. Ta ɗauko ɗan sandan da take auna faɗin layi da shi, ta bi shi taƙi bayan taƙi. Ta sake bi.

"Jiya ya wuce nan sau goma," ta ce. "Ko katakon ne ya sha raɓa ya motsa? Ko dama can na matse kwanar da yawa, sa'a ce kawai ta sa yake wucewa?"

Ta sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Ladan ya sake riga ta ɗauka, ya rungume shi a ƙirji.

"Laifina ne," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Sai na cire kwanar duka na sake ta. Mako biyu ta ci mini." Ta dubi rana da ta fara sauka bayan dutse. "In ban gama ba sai in gaya wa Malama Theresa ta tahi da 'yan ajinmu da sunka ƙera injin ban ruwa. Ba zan kai abin da zai kunyata makaranta ba."

Ta jawo kwalin kayan aikinta ta ɗauko filaya.

"Ladan," in ji Baba Kefas, "miƙo mini shi in ji."

Ba yadda zai yi. Ya ɗora jirgin a cinyar tsohon. Yatsun nan masu jijiya suka bi tukunyar, suka gangara ƙasa, suka tsaya a gaɓar gaba. Suka koma ta baya, suka tsaya. Tsohon ya kai jirgin kusa da hancinsa ya shinshina sabon fentin. Ya miƙa wa Ladan abinsa, ya koma ya kishingiɗa, ya haɗa hannuwansa a ciki kamar mai jiran a kawo masa fura.

Basira ta kafa bakin filayar a kan ƙusar farko.

Ladan ya san abin da zai biyo baya. Ƙusa ɗari da wani abu ne a kwanar nan, kowace ita ta buga ta. In ta zare su, ƙarfen zai miƙe, kuma ba mai mayar da shi kafin hantsin gobe. Za ta lalata layi mai kyau saboda shi, ta kwana tana zargin kanta. Shekara ashirin da biyar yana sana'a, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Ya matsa kusa da ita.

"Basira. Aje filayar nan."

Ta ɗago.

"Layinki lafiya lau yake. Zo ki gani."

Ya kifa jirgin ya nuna mata. Ta sa farce ta kankare fentin, farar dalma ta fito. Ta duba ɗaya gaɓar.

"Da safe na ɗaga shi na ga yana rawa," ya ce. "Na zaci kwancewa ya yi. Na tuna hanyar Birni."

"Baba, mi ya sa ba ku tambaye ni ba?"

"Ban so ki ji cewa ya lalace ba."

"Ai bai lalace ba."

"Yanzu na sani."

Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bayan hannu. Fadima ta tafa hannu a hankali ta ce, "Malam, ban gaya maka ba? Yaran sun tsira, sai jirgin ka samu."

Dariya ta ƙwace wa Baba Kefas har da tari. Da ya lafa ya ce, "Walda ce ko dalma?"

"Dalma ce, Baba."

"To ka gode wa Allah da gwangwanin ya yi siriri. Abin da wuta ta liƙa, wuta na iya sake shi. Ku tahi tun da sauran rana."

Suka koma shago su biyu. Ladan ya hura wuta ya ɗora ƙarfen. Basira ta cire batir, ta janye wayoyin gefe, ta naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya narke su. Gaɓar gaba ba ta ba su wuya ba, fallen ya saki, dalmar ta ɗiga a ƙasa. Ta baya ce ta yi gardama. Ya cika aiki a nan, dalma ta shige har cikin zaren notin.

"In ƙara wuta?" ya ce.

"Kaɗan. Ta wannan gefen. Ya isa, Baba, ɗaga."

Ya ɗaga. Bai tuna ranar da wani ya ce masa ya isa a cikin shagon nan ba. Ta riƙe da filaya ta murɗa, notin ya yi ƙara ya juya. Suka cire shi suka sa sabo. Ladan ya ɗaure, hannunsa ya ci gaba da kansa.

"Baba. Ku mayar da shi baya rabin juyi."

"Zai yi rawa."

"Haka ake so."

Ya mayar da rabin juyi. Ya ji kamar ya bar ƙofar gida a buɗe ya tafi kasuwa. Ta ɗiga man keken ɗinkin mahaifiyarta a kowace gaɓa, ta ɗaga jirgin ta tsakiya. Gaba ya karkata hagu, baya ya karkata dama. Ta yi murmushi. Shi kuwa ya kau da kai.

Rana ta yi ja lokacin da suka koma baranda. Fadima ta sake kawo garwashi. Jirgin ya tashi, ya miƙe, ya doshi kwana. Ladan ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har kuncinsa ya kusa taɓa katakon. A gaban idonsa gaban jirgin ya karkata ya bi layi, tukunyar ta biyo shi a hankali tana yanke kwanar ta ciki, bayan kuma ya zo daga ƙarshe ya daidaita. Ko ƙafa ɗaya ba ta ɗaga ba.

"Ya wuce?" in ji tsohon.

"Ya wuce, Kaka."

"Na ji shi. Ƙarar ta canza."

Ya zagaya sau biyu, sau biyar, sau goma. Ƙamshin turare ya cika barandar. Ladan bai tashi ba. Duk zagaye sai ya jira kwanar, gabansa ya ɗan faɗi, jirgin ya lanƙwasa ya wuce. Sai da aka kira magariba ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

A hanyar gida ya ce, "To hanyar Birnin fa? Ramukan suna nan."

"Zan riƙe shi a cinya."

"Ba za ki riƙe ba. A cikin akwati fa, an yarda ya zauna ba motsi?"

Ta dube shi ta gefen ido. "A cikin akwati an yarda."

Da sassafe ya buɗe shago. Ya haɗa akwatin katako daidai tsawon jirgin, ya yanko soson tsohuwar katifa ya fafe shi gida uku, ɗaya na gaba, ɗaya na tukunya, ɗaya na baya. Basira ta kwantar da jirgin da hannunta, shi ya rufe. Ya ɗaga akwatin ya girgiza shi a kusa da kunne. Shiru. Ya rubuta A HANKALI da jan fenti a gefe huɗu, ya ƙara a murfi.

A ƙofar makaranta ya ɗaure katakon layin a saman mota da igiya biyu, ya ƙara ta uku. Ya gaya wa direba maganar ramuka. Ya zagaya ta ɗaya tagar ya sake gaya masa. Malama Theresa ta ce, "Baban Basira, in Allah ya so lafiya za mu je mu dawo." Basira ta zauna kusa da taga, akwatin a ƙarƙashin ƙafarta, ta ɗaga masa hannu. Ya tsaya har motar ta sha kwanar kasuwa.

Yana dawowa ya tarar da Baba Kefas zaune a ƙofar gida yana shan hantsi.

"Sun tahi?"

"Sun tahi, Baba."

"Madalla. Zo ka duba mini ƙofar nan, kwana biyu tana kuka in an buɗe."

Ladan ya taɓa ƙofar, ya ji ta ɗan yi lilo. "Bari in ɗauko kayan aiki."

"Ladan."

"Na'am, Baba."

"Mai kawai za ka ɗiga mata. Ina son in riƙa fita."